Barcin Yaro Mai Galahanga a Lokacin Kulle

A watan Afrilun 2020, bayan cutar korona ta yi ajalin wani likita a Daura, Gwamna Aminu Bello Masari ya sa aka kulle garin. Garin Zango na maƙwabtaka da Daura, don haka ya ji a jikinsa. Makarantu a rufe suke tun watan Maris, ga zafin bazara, ga azumi ya kama a ƙarshen Afrilu. Hankalin kowa na kan kasuwa da hatsi, ba a cika tambayar yadda ake kwana a gidan da ke da yaro mai galahanga ba.

Ko lafiya lau ake, barci matsala ne ga waɗannan yara. Bincike ya nuna rabinsu zuwa kashi 80 cikin 100 na fama da shi: ko barcin ya ƙi zuwa, ko su farka cikin dare su ƙi komawa. Wani ɓangare na dalilin yana cikin jiki. Sinadarin melatonin, wanda ƙwaƙwalwa ke saki idan duhu ya yi, ba ya fita kan ƙa'ida a jikin da yawa daga cikinsu. Sauran dalilin kuwa sabo ne. Yaro mai galahanga da tsarin yini yake gane lokaci: fitar yayyensa zuwa makaranta, dawowar uba daga kasuwa, tuwon dare bayan magariba. Kulle ya rushe wannan duka lokaci guda. Gida ya cika da mutane wuni zubur, babu fita balle ya gaji, aka miƙa masa waya don a samu sarari, alhali hasken waya na jinkirta barci. Da azumi ya zo kuma, ga tashin sahur da ƙarar tukwane a tsakiyar dare.

Binciken da aka yi a Italiya da Turkiyya a lokacin ya gano cewa barcin yara masu galahanga da yawa ya ƙara lalacewa, duk da cewa wasu sun ɗan huta da aka ɗauke musu sammakon makaranta.

Wadda ta fi shan wahalar ita ce uwa. Yaro ya tashi ƙarfe biyu na dare yana zagaya tsakar gida, yana kaɗa hannu, ita kuwa ba ta isa ta runtsa ba, don ga rijiya, ga murhun da bai gama mutuwa ba, ga ƙyauren da ya iya buɗewa. Gari ya waye ta ɗora sanwa da jajayen idanu, maƙwabta na cewa iska ce ke tashinsa, wasu su ce ita ta sangarta shi. A ganina, maigidan da ya karɓe ta ko da rabin dare ne ya fi mai kawo rubutun sha taimako.

Kulle ya wuce, amma dogon hutu da azumi da ƙaura duk suna rikita tsarin yaro haka nan. Abin da ke taimakawa shi ne a tsayar da lokacin kwanciya da na tashi, a fitar da shi hasken safiya, a hana shi shayi da lemon kwalba da yamma, a karɓe waya awa guda kafin barci. Kada a ɗura masa maganin tari ko na mura don ya yi laushi. Maganin melatonin na taimakon wasu, amma sai likitan yara ya duba shi, ko a babban asibitin Daura ko a Katsina, don wani lokaci ciwon ciki ko farfaɗiya ne ke tashinsa, shi kuma bai iya faɗa ba.