Lafiyar Zuciyar Tsoho Tana Hannun Mai Girki

A yawancin gidajenmu tsoho ba ya zaɓar abin da zai ci. Abin da aka dafa wa gida shi ake zuba masa a kwano a kai masa ɗaki ko zaure. Likita yakan dubi dattijo ya ce, "Baba, a rage gishiri, a rage maiƙo," shi kuma ya amsa da to, alhali bai ma san inda ake ajiye gishirin gidansa ba. Wadda ya kamata ta ji maganar tana gida: matarsa ce, ko 'yarsa, ko matar ɗansa, ko jikar da aka bar wa girkin rana. Ni ce ke riƙe da tukunyar gidanmu tun da aka gano mahaifina yana da hawan jini, don haka da masu riƙe da ludayi irina nake magana.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun fi kowace cuta kisa a duniya; a 2019 kaɗai sun yi ajalin mutum kusan miliyan 18. Babban mai share musu hanya shi ne hawan jini, wanda ke damun fiye da mutum biliyan ɗaya, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Idan shekaru suka ja, jijiyoyin jini sukan yi tauri kamar tsohon tiyon ban-ruwa, sai zuciya ta riƙa wahala kafin ta tura jini. Awo ya tsaya a 140 bisa 90 ko ya haura, an shiga hawan jini ke nan. Daga nan ake samun shanyewar ɓarin jiki, ciwon ƙoda, da gajiyar zuciya mai zuwa da haki da kumburin ƙafa.

Gishiri ne farkon abin dubawa. Sinadarin sodiyam da ke cikinsa yana sa jiki ya riƙe ruwa, jini ya ƙaru a jijiya, awo ya hau. Ma'aunin da hukumar ta bayar shi ne kada babba ya kai giram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Wannan lissafi kuwa ya haɗa duk abin da ya shiga baki daga safe zuwa dare. Dunƙulen da muke marmasawa huɗu biyar a miya, kusan rabinsa gishiri ne. Akwai gishiri a yajin tsire, a kilishi, a burodi, a kifin gwangwani, da cikin 'yar ledar ɗanɗanon da ke zuwa da taliyar yara. Sai kanwa, wadda ba ma ɗaukarta gishiri don ba ta da ɗanɗanonsa, amma sodiyam ce cike da ita. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Idan za a yi wa tsoho ɗanwake ko miyar kuɓewa, a taƙaita kanwa; wake kuma a jiƙa shi tun dare, zai nuna ba tare da ita ba.

Wahalar ita ce harshen tsoho yakan dushe. Miyar da kowa ya ce ta ji, shi sai ya ce lami ce. Gidaje da yawa sukan ware masa tasa tukunyar babu gishiri ko kaɗan, ya ɗanɗana ya ture kwanon, da magariba ya aiki jika ya sayo masa tsire a ɓoye. Abin da ya yi mana aiki shi ne rage gishirin tukunyar gida gaba ɗaya, kaɗan-kaɗan, ba tare da shela ba. Wannan mako a cire dunƙule ɗaya, bayan kwana biyu a rage yatsa ɗaya na gishiri. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Gurbin da aka bari kuma a cike shi da abin da kakanninmu suka sani: daddawa mai kyau, albasa da yawa, tafarnuwa, citta, masoro, kanumfari, tsamiya, da matsin lemun tsami a kan kifi. Baba bai taɓa tambayar abin da ya sauya ba, sai dai ya ce miyar kukar ta koma irin ta mahaifiyarsa.

Akwai hujja mai ƙarfi cewa gyaran tukunya yana ceton rai. A ƙauyuka 600 na ƙasar Sin an bi mutum kusan 21,000, akasarinsu tsofaffi masu hawan jini ko waɗanda suka taɓa samun shanyewar jiki. An ba rabinsu gishirin da aka rage wa sodiyam aka ƙara masa sinadarin fotasiyam. Sakamakon da aka fitar a 2021 ya nuna shanyewar jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100 a cikinsu. Sai dai irin wannan gishiri haɗari ne ga mai ciwon ƙoda da mai shan wasu magungunan hawan jini, don haka ba a fara shi sai da yardar likita.

Maganar maiƙo ta fi wuyar faɗa, domin ta taɓa ladabi. Mun taso muna ganin girmama babba shi ne a zaɓar masa tsoka mai kitse, a kwarara masa man shanu a tuwo har ya kwanta a gefen kwano. Kitsen dabba da man shanu suna ƙara maiƙon da ke taruwa a bangon jijiya har ya toshe ta. Manja ma kusan rabinsa irin wannan mai ne mai daskarewa. Ban ce a haramta su ba. A yanke kitse kafin a ɗora nama, a cire fatar kaza, a auna mai da cokali maimakon a tuttula daga galan, a fi yawaita man gyaɗa ko na waken suya. Man da aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi, a zubar. Kifi sau biyu a mako, dafaffe ko gasasshe, ya fi wa tsoho soyayyen nama, ga shi da sauƙin tauna.

Abin daɗin shi ne, abincin da likitocin zuciya ke yabo yana nan a kasuwarmu da arha. Gero, dawa da acha, musamman idan ba a surfe su har dusa ta ƙare ba, sun fi farar shinkafa da fulawa. Wake yana ba da ƙarfi irin na nama babu kitse, ko a fate, ko a alala. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli, miyar alayyafo, taushe da kabewa, duk suna cikin giram 400 na ganye da 'ya'yan itace da ake so mutum ya ci kullum. Fura da nonon da aka kaɗe aka cire mansa abinci ne mai kyau, muddin ba a danƙara sukari ba. Zoɓo ma bincike ya nuna yana ɗan sassauta hawan jini, amma zoɓon da aka cika wa sukari ya ɓata rawarsa da tsalle, kuma ba ya maye gurbin ƙwayar asibiti.

A lura da haƙori. Tsohon da tauna ke ba shi wuya yakan koma shayi da burodi safe da dare, ga sukari ga gishiri, babu abin gina jiki. Gwanda, ayaba, kankana, dafaffen ƙwai, kunun gyaɗa da ganyen da aka yanka ƙanana aka dafa ya yi laushi duk suna wucewa ba wahala. Kada kuma tsoron ciwo ya sa a bar shi da yunwa, domin rama da rashin ƙarfi su ma suna kayar da tsoho. Ƙishirwa tana raguwa da shekaru, sai a ajiye masa ruwa kusa a riƙa tuna masa, in ba likita ne ya ƙayyade masa ba. Goro a rage, musamman da yamma. Magungunan ciwon gwiwa da ake saya a kemis barkatai, irin su diclofenac da ibuprofen, suna ɗaga jini suna kuma taɓa ƙoda, a sanar da likita kafin a sha.

Saura masu zuwa gaisuwa. Ranar Juma'a 'ya'ya da jikoki sukan cika gida, wannan da katan ɗin lemun kwalba, wancan da ƙunshin balangu, kowa yana neman albarka. Duk kiyayewar mako guda sai ta rushe a yammaci ɗaya, kuma babu tsohon da zai mayar da kyautar ɗansa. Mu dai mun zauna da yayyena da ƙannena mun yi magana a fili: mai son faranta wa Baba ya zo da gwanda, ko lemun zaƙi, ko ɗanyen kifi, ko mudun acha. Wanda aljihunsa ya fi nauyi ya sayi na'urar awon jini ta gida, ko ya ɗauki nauyin maganin wata, don kada a wayi gari ya ƙare a ce sai an samu kuɗi.