Jinin Masu Feshi: Wa Zai Biya Kuɗin Awo?

A ƙarshen hunturu, tun kafin itatuwan tuffa su fara toho a kwarin Yakima da ke jihar Washinton, arewa maso yammacin Amurka, masu feshin manyan lambuna kan je asibiti a ɗebi jininsu. Babu mai ciwo a cikinsu. Ana so ne a san yadda jinin kowa yake lokacin da yake garau, domin a samu abin kwatantawa idan aiki ya kankama. Tun 2004 wannan awo ya zama doka a jihar, amma sai da aka kai ruwa rana, har gaban kotun ƙoli, kafin ya tabbata.

Abin da ake aunawa wani sinadari ne na jiki mai suna kolinestares. Duk sanda jijiya za ta umarci tsoka ta motsa, takan saki wani sinadarin da ake kira asetilkolin. Da zarar saƙo ya isa, sai kolinestares ya rusa shi, tsoka ta huta. Shi ne makashin fitilar, in babu shi wuta ba ta mutuwa. Magungunan kwari dangin oganofosfet da kabamet wannan makashi suke lalatawa, a jikin ƙwaro da na mutum duka. Fiya-fiya da ake fesa wa sauro da kuɗin cizo a gidajen Hausa daga wannan dangi yake, haka ma gubar yaƙi ta sarin.

Idan guba ta yi yawa, ba a bukatar likita ya faɗa: gumi ya keto, yawu ya dinga dalala, ƙwayar ido ta tsuke, tsoka ta riƙa rawa, numfashi ya sarƙe. Matsalar ita ce wadda ke shiga kaɗan-kaɗan ta fata da hanci, yau da gobe. Kolinestares zai iya yin ƙasa sosai mutum na yawo abinsa, in ya ji jiri ko tashin zuciya ya ce rana ce ta doke shi. Sannan yawansa a jini ya bambanta ƙwarai daga mutum zuwa mutum. Abin da yake daidai ga wani, faɗuwa ce ga wani. Shi ya sa awo ɗaya bayan an kwanta ciwo ba ya faɗin komai sosai. Dole a samu na farko, wanda aka yi bayan mutum ya shafe aƙalla kwana 30 bai taɓa maganin ba.

Jihar Washinton ke noma fiye da rabin tuffar Amurka, kuma akasarin masu feshinta 'yan asalin Meziko ne. Tarakta suke hawa, suna jan tanki mai ƙatuwar fanka da ke watsa magani sama cikin rassa, hazon kuwa a kansu yake sauka. A 1993 Ma'aikatar Ƙwadago da Masana'antu ta jihar ta ba da shawarar a riƙa awon, amma ba ta tilasta wa kowa ba. Da ma'aikata suka ga shawara ba ta kai su ko'ina ba, sai suka shigar da ƙara a 1997, a shari'ar da aka fi sani da Rios. A 2002 kotun ƙolin jihar ta yanke cewa ma'aikatar ta gaza sauke nauyin da doka ta ɗora mata, ta umarce ta ta fara tsara ƙa'ida.

Ƙa'idar ta fito da adadi ƙarara. Wanda ya yi awa 50 yana haɗa maganin ko fesa shi cikin kwana 30 za a sake auna shi, kuma daga 2005 aka sauko da iyakar zuwa awa 30. In kolinestares ya faɗi da fiye da kashi 20 cikin 100, sai a binciki yadda ake aiki a lambun. In faɗuwar ta kai kashi 30 a jajayen ƙwayoyin jini, ko kashi 40 a ruwan jini, a janye mutum daga feshi har sai ya farfaɗo. Farfaɗowar ba ta sauri ba ce, don jajayen ƙwayoyin kan dawo da kusan kashi 1 ne kacal a rana. Saboda haka aka wajabta wa mai lambu ya ci gaba da biyan albashi har tsawon wata uku. Ba don wannan sharaɗi ba, wane lebura ne zai miƙa hannu a yi masa awon da zai raba shi da abincinsa? An kuma bar wa ma'aikaci 'yancin ƙin awon, bayan likita ya yi masa bayani.

Sai maganar kuɗi, inda gizo ke saƙa. Ma'aikaci dai ba ya biyan ko sisi. Masu lambuna suka ce nauyin ya yi musu yawa: ga kuɗin asibiti, ga na mota, ga rubuta awannin kowane mai feshi. Gwamnati ta shigo ta ɗauki kaso. A shekarun farko ɗakin gwaje-gwajen Ma'aikatar Lafiya ta jihar ne ya riƙa auna jinin, majalisar dokoki kuma a 2004 ta umarci Ma'aikatar Ƙwadago ta riƙa mayar wa masu lambuna wani abu daga abin da suka kashe.

Masu suka na da hujja: wanda ke cin ribar feshi shi ya kamata ya biya kuɗin haɗarinsa, ba asusun hukuma ba. Haka Kalifoniya ta yi tun 1974, inda mai gona ke ɗaukar likita ya biya. Sai dai can kowane likita da ɗakin awon da yake aika wa, hanyoyin awo suka bambanta, sakamako ya watsu a aljihun teburin asibitoci. Sai a 2011 doka ta tilasta wa ɗakunan awo su riƙa aika wa hukuma. Washinton kuwa, da yake ta sa kuɗinta, tun ranar farko jinin kowa wuri ɗaya yake zuwa, da ma'auni ɗaya, sakamakon kuma yana hannunta.

Amfanin haka bai ɓoyu ba. A 2004 an yi wa mutum fiye da 2,600 awon farko, kimanin 580 suka kai awannin da ke sa a sake auna su. A cikin waɗannan, kusan mutum ɗaya cikin biyar ya faɗi da fiye da kashi 20. Masu binciken Ma'aikatar Ƙwadago suka bi sawun lambunan, masana daga Jami'ar Washinton kuma suka nazarci ma'aikatan. Abin da ya fito fili shi ne haɗarin bai tsaya kan tarakta ba. Yana wajen haɗa tsantsar magani a tanki, da wajen wanke injin feshi bayan an tashi. Masu sa takunkumin da ke rufe fuska gaba ɗaya, da takalmin da magani ba ya ratsawa, da waɗanda ke da akwatin ajiye kayan aiki daban da tufafinsu na gida, jininsu ya fi na saura lafiya. A shekarun da suka biyo baya adadin masu faɗuwa ya ragu, yayin da lambuna suka gyara aiki, Hukumar Kare Muhalli ta Amurka kuma ta kawo ƙarshen amfani da azinfos-metil, ɗaya daga cikin magungunan tuffa mafi dafi, wajen 2012.

Awon na da iyakarsa. Ba ya ganin maganin ciyawa irin su farakwat da gilayifoset, ba ya ganin dangin firetiroyid. Tasirin kabamet kan gushe da wuri, don haka in aka yi jinkirin ɗibar jini sai a ga komai lafiya lau. Ƙa'idar kuma ta tsaya ne kan masu taɓa maganin da hannunsu. Dubban masu rage 'ya'ya da masu tsinkar tuffa, waɗanda ke shiga tsakanin ganyen bayan an yi feshi, ba sa cikin waɗanda doka ta ce a auna.