Dutsen da Sauti ke Ratsawa da Gudu Biyu

Duk mai faskare ya san ice yana da hanya. Ka bi tsawonsa gatari ya wuce salin-alin, ka sare shi a gicciye ka sha wuya. Akwai dutse mai irin wannan hali da ya daɗe yana wahalar da masu neman man fetur, wato dutsen laka, wanda masana ke kira shel. Laka ce da ta kwanta a gindin ruwa shekaru miliyoyi, nauyi ya danne ta, ƙwayoyinta masu faɗi suka jeru falle kan falle kamar tarin tabarmi.

Masu neman mai, a Kolmani ne ko a Agadem, girgiza suke aikawa cikin ƙasa, su ƙirga lokacin da ta ɗauka kafin ta dawo, sannan su ƙiyasta zurfi. To, girgizar da ta bi shimfiɗar fallayen ta fi wadda ta keta su gudu. Wanda ya ɗauka gudun ɗaya ne, taswirarsa za ta yi masa ƙaryar zurfi, kuma ba zai gane ba sai an haƙa rijiyar.

Shi ya sa ake kai dutsen ɗakin gwaji. Akan yanko gunduwa uku masu kaurin kamar inci 1: ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye, ɗaya a karkace da digiri 45. Kowacce a sa ta cikin tukunyar ƙarfe a matse ta, domin dutsen da aka ciro daga zurfi yakan yi 'yan tsage-tsage da ke rage gudun sauti. Sai a manna mata na'ura gaba da baya, wannan ta saki sautin da kunne ba ya ji, mai kaɗawa kusan sau miliyan 1 a daƙiƙa, waccan ta karɓa. Tsawon gunduwa da lokacin isowa su ke ba da gudu.

A 1986 wani masani mai suna Leon Thomsen ya taƙaita bambancin gudun cikin ma'aunai uku: efsilon, gama da delta. Biyun farko ba su da wuyar samu. Delta ce mai gardama, ga shi ita ce ta fi shafar lissafin zurfi. Daga karkatacciyar gunduwar ake fitar da ita, kuma idan mai yanka ya kauce da 'yan digiri kaɗan, ko aka bar dutsen ya bushe ya dare kafin gwaji, lissafin ya tashi aiki, sai a koma a yanko wata.