Shimiyo: abin da maganin sankara ke yi a jiki, da dalilin jiran kwana 21

Idan likita ya ce za a fara yi wa mutum shimiyo, abu uku ne dangi suka fi sani a kansa: gashi zai zube, amai zai yi yawa, kuɗi za su tafi. Duka gaskiya ne. Abin da ba a cika samun mai zaunar da su ya bayyana musu ba shi ne dalili, kuma rashin sanin dalilin yana cikin abubuwan da ke sa majinyaci ya daina zuwa asibiti bayan ƙarin ruwa na biyu ko na uku.

Jikin mutum tarin ƙwayoyin halitta ne, masu rabuwa gida biyu idan da buƙata, su tsaya idan buƙata ta biya. Sankara ita ce ƙwayoyin da suka ƙi tsayawa. Magungunan shimiyo ba su san sankara da suna ba, duk ƙwayar da suka tarar tana saurin rabuwa suke kai wa hari. To, a jikin mai lafiya ma akwai masu irin wannan sauri: saiwar gashi, fatar cikin baki da ta hanji, da ɓargon ƙashi inda ake ƙera jini. Daga nan zubar gashi da gyambon baki da ƙarancin jini suke fitowa. Gashin yakan dawo bayan an gama magani.

Asalin abin daga fagen yaƙi ne. A yaƙin duniya na farko likitoci sun lura cewa sojojin da iska mai guba ta taɓa, fararen ƙwayoyin jininsu na ƙarewa. A 1942, a jami'ar Yale ta Amurka, Louis Goodman da Alfred Gilman suka gwada wani ɗan'uwan wannan guba a kan mai sankarar kaluluwa. Ƙullutun ya motse, ko da yake daga baya ya dawo. Siklofosfamid, wanda ake yawan bai wa masu sankarar mama a yau, jikan wannan guba ne. Sai ya bi ta hanta yake zama magani, sannan ya ɗaure zaren DNA na ƙwayar yadda ba za ta iya kwafar kanta ba. Ragowarsa na fita ta fitsari yana iya ƙona mafitsara, shi ya sa ake matsa wa majinyaci ya sha ruwa da yawa.

Binkiristin kuwa daga wani fure ɗan asalin Madagaska ake samo shi, mai launin fari ko ruwan hoda, wanda ake dasawa don ado a gidaje da ofisoshi. Aikinsa hana ƙwayar kammala rabuwa. Kada wani ya ji haka ya tafi tafasa ganyen: sai an tara ɗaruruwan kilo kafin a tace giram guda, ga sauran gubar da ke ciki. Doksorubisin ja ne wur, daga wasu ƙwayoyin cikin turɓaya na Italiya aka gano danginsa, kuma yana mayar da fitsari ja na kwana ɗaya ko biyu, abin da ke firgita masu jinya su ɗauka jini ne. Babban haɗarinsa a zuciya yake. Akwai adadin da ba a son mutum ya wuce a duk tsawon rayuwarsa, don haka wanda ya fara magani a Yamai ya je ci gaba a Kano ko Tunis dole ya riƙe takardar da ke nuna nawa aka riga aka sa masa. Kowane magani da tsawo da nauyin majinyaci ake auna shi, ba a aron na wani.

Sai batun kwana 21, wanda a ganina shi ne ya fi cancantar a fahimta. Kowane zagaye yana kashe wani kaso ne na ƙwayoyin sankara, ba duka ba. Yana kuma durƙusar da ɓargo: tsakanin kwana 7 da 14 bayan ƙarin ruwa fararen ƙwayoyin jini kan yi ƙasa sosai, a mako na uku su farfaɗo. Ana jira ne jiki ya miƙe, a sake bugun sankarar kafin ita ma ta miƙe, kuma saboda haka ake awon jini kafin kowane zagaye. Wasu tsare-tsaren na mako biyu ne, wasu na mako-mako, amma hikimar ɗaya ce. Idan kuɗin mota ko na magani ya yanke aka yi wata biyu ba a je ba, ƙwayoyin da suka tsira, waɗanda galibi su ne mafi taurin kai, sun samu filin yaɗuwa.

Misali mafi ban takaici shi ne sankarar Burkitt, wadda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Tana kumbura muƙamuƙi ko cikin yara, ta fi yawa a yankunan da masassarar cizon sauro ta yi katutu, kuma tana jin magani ƙwarai. Kumburin kan sace cikin ƴan kwanaki. Iyaye su ga yaro ya koma wasa, su ce ya warke, su koma gida. Idan ta dawo, magance ta ya fi na farko wuya nesa ba kusa ba.

A wancan tsakanin na kwana 7 zuwa 14, zafin jiki da ya kai digiri 38 ba abin a sha farasitamol a kwanta ba ne, ba kuma abin a ce masassara ce a aika yaro kanti ba. Jiki ba shi da masu gadi, ƙaramar cuta na iya shiga jini cikin awoyi, asibiti ake zuwa ko da tsakar dare ne. Haka magungunan ciwon jiki na ƴan tebur irin su diklofenak da ibufurofen suna wahalar da ƙoda, alhali ta ƙodar sisfilatin da metotireksat suke fita. Jiƙe-jiƙen gargajiya ma a gaya wa likita, ko da zai yi faɗa.

Cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa tana Yamai, kuma tun 2021 ake gashi da na'ura a can. Daga Damagaram tafiyar ta kusan kilomita 900 zuwa kawai, ga kuma dawowa, duk mako uku. Ƴan'uwa da ke Aljeriya, Libiya ko Faransa masu aiko da kuɗin jinya, tun ranar farko ku tambayi zagaye nawa likita ya tsara da ranar kowanne, ku lissafa har da awon jini da maganin amai da kuɗin mota da na masauki, sannan ku raba abin da za ku aiko ya kai zagaye na ƙarshe.