Tarin Fuka na Ƙashin Baya: Wani Nau'in Ciwon Baya a Ƙasar Haɗejiya

A fadamun Kogin Haɗejiya, tun daga Auyo har zuwa Guri, ciwon baya abokin zaman manomin shinkafa ne da masunci. Galibi gajiya ce ta yawan sunkuyo da ɗaukar kaya, hutu kuwa kan kawar da ita. Shi ya sa akan ce sanyi ne kawai, a kira wanzami ya yi ƙaho.

Amma fa akwai wani nau'i, ko da yake bai yawaita ba, wanda ƙwayar cuta ke haddasawa. Mafi shahara shi ne tarin fuka na ƙashin baya, wanda wani likitan Ingila, Percivall Pott, ya bayyana a 1779. Ƙwayar kan bi jini daga huhu ta sauka cikin ƙashin gadon baya, ta riƙa cinsa sannu a hankali har ya rufta. Daga nan ne ƙusumbi kan fito, wani lokaci kuma ƙafafu su shanye.

Ana bambance shi da na gajiya ta hanyar alamunsa: ba ya lafawa da hutu, yakan tsananta da dare, sannan ga zazzaɓi da gumin dare da rama. Mai irin waɗannan alamu lalle ne ya nufi asibiti a ɗauki hoton bayansa. Idan an gane cutar da wuri, shan magani na watanni da dama kan warkar da ita. Ƙashin da ya riga ya rufta kuwa, magani ba ya miƙar da shi.