Kwalbar da ta daina komawa gida

Duk wanda ya taɓa bi ta Ƙofar Fada a Zariya da sanyin safiya washegarin hawan Sallah ya ga abin da idonsa. Dawakai sun koma turke, baƙi sun watse, fili ya rage daga kashin doki sai ledar fiya wata da robar lemo, birjik kamar an yi shanya. Kashin dokin ba ya kwana biyu, akwai masu so. Leda da roba kuwa iska ce ke rabon gadonsu: wasu lambatu, wasu lungunan Kwarbai, wasu kududdufi. Abin da ya saura, ruwan sama ya tattara ya miƙa wa kogunan Kubanni da Galma.

Mun saba ɗora laifin kan wanda ya sha ya yar, kuma yana da nasa kason. Amma akwai wanda ba a cika kiran sunansa ba in ana wannan zance, wato wanda ya ƙera robar, ya cika ta, ya ci ribarta.

Muna yara, in aka aike ka sayen lemo, da kwalba a hannu kake tafiya. In babu, ka ajiye kuɗin kwalba wurin mai shago, sai ka dawo da ita ya ba ka abinka. Ranar da na fasa ɗaya a zauren gidanmu, na fi jin tsoron fuskar mai shagon fiye da bulalar da ke jirana a cikin gida. Motar kamfani ta zo ta sauke cikakku ta kwashi fanko, a wanke, a sake cikawa. Kwalba guda ta yi ta safa da marwa har rubutun jikinta ya koɗe. Ba son muhalli ne ya sa kamfani yin haka ba. Kwalbar dukiyarsa ce, shi ya sa yake bin sawunta. A kan wannan tsari Nigerian Bottling Company, wanda aka kafa a 1951, ya yi shekaru da dama yana kasuwa.

Roba ce ta sauya lissafin. Ba ta da nauyi, ba ta fashewa, ba wanki, mota ba ta dawowa da fanko. Sai dai kuɗin da ake kashewa a da wajen mayar da kwalba gida bai ɓace ba, kan wasu ya koma: samarin unguwa masu yashe kwata kafin damina, da mai gidan ƙasa wanda ruwa ya rasa hanya ya ci gindin katangarsa.

Manomi ya fi kowa ji a jika. Tun kaka da kakanni Zazzagawa ba su ɗauki shara a matsayin abin yarwa ba. Toka, kashin awaki, ɓawon gyaɗa, sharar tsakar gida, duk a tara a juji su ruɓe, rani ya yi jakuna su ɗauka a mangala zuwa gonakin cikin ganuwa da na bayan Ƙofar Gayan da Ƙofar Kona. Birni ya ci daga gona, gona ta ci daga birni. Yau ka tsaya inda aka zube takin juji ka gani: sai an sa yara tsintar leda, kuma duk tsintar, fartanya na cin karo da ita shekara da shekaru, don ƙasa ba ta cin roba. Tambayi mahauci abin da yake tararwa a tumbin akuyar da ta yi kiwon kan bola. Dunƙulen leda ne, murɗaɗɗe kamar gammo, dabbar tana ta rama mai ita na zaton ciwo ne.

Su kansu manyan kamfanonin ba su musa yawan robar da suke fitarwa ba. A 2019 Coca-Cola ya bayyana cewa yana amfani da roba kimanin tan miliyan 3 a shekara wajen zuba kayansa. Shekara guda kafin nan ya yi alkawarin cewa zuwa 2030 zai riƙa tattaro kwatankwacin kowace gora ko gwangwanin da ya sayar. A Disambar 2024 sai ya sassauta wa kansa: kashi 70 zuwa 75 cikin ɗari, kuma sai 2035. Alkawarin da mai shi ne ke yanka wa kansa wa'adi, shi ne kuma ke ɗagawa, ai da sauran magana. A duniya baki ɗaya, kashi 9 cikin ɗari kacal na sharar roba ake sake sarrafawa, alhali daga man fetur da iskar gas ake yin ta, arzikin da in an haƙo ba ya tsirowa.

A takarda ba a bar mu a baya ba. Hukumar kare muhalli ta NESREA, da aka kafa a 2007, tana da tsarin da ya ce alhakin mai ƙera kaya bai ƙare a bakin ƙofar masana'anta ba, yana bin kayan har bayan an gama amfani da su. A 2018 manyan kamfanonin abinci da abin sha, ciki har da Coca-Cola da Seven-Up da Nestlé, suka haɗa ƙungiyar tattara roba. Ƙarfin aikin dai ya fi karkata Legas, ga shi kuwa babu ƙauyen da motar lemo ba ta sani ba. Motar da ta san hanyar kawowa ta san ta komawa.

Jamus ta ɗauki wata hanya tun 2003. Kowace robar lemo da ake sha a yar akwai santi 25 a kanta. Ka mayar kanti, a ba ka kuɗinka. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na komawa. Da na fara jin labarin dariya ta kama ni, don kuɗin kwalbarmu ne na da, sai dai su doka ta tsaya masa.

Ledar fiya wata tata matsalar daban ce, tunda yawanci ƙananan masana'antu ke buga ta, kuma muddin famfo bai wadata ba, ba wanda zai hana mai ƙishi saye.

A yanzu masu ɗauke wa kamfanoni wannan nauyi a cikin birni ba ma'aikatansu ba ne. Matan da ke sayen gora su wanke su zuba zoɓo da kunun aya ne, da 'yan jari bola, yara da samari masu buhu a kafaɗa, ba safar hannu, ba takalmin kirki. Robar ba ta da nauyi, sai yaro ya cika buhu tim kafin allurar sikeli ta motsa. Na ga wani a bayan fada yana taka gorunan ɗaya bayan ɗaya da diddige don buhun ya ƙara ci. Ledar da ke kewaye da shi ko kallonta bai yi ba, ya ce wadda ta sha ƙasa da ruwan kwata ba mai saye.