Abin Da Mutum Ya Kan Rasa In Ya Sauya Irin Wayarsa

'Yan'uwana ɗalibai, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da ya sami abokin ɗakina sa'ad da mu ke aikin gwajin koyarwa a wata makarantar firamare da ke kan hanyar Doma, bayan garin Lafiya. Shekara uku yana riƙe da wayar Tecno. Da yayansa ya zo hutu daga Abuja, sai ya kawo masa iPhone ta hannu kyauta. Don murna, ran nan ya cire layinsa ya sa a sabuwar, ya share tsohuwar sarai ya ba ƙanwarsa. Bayan kwana biyu malamin da ke zagayen duba mu ya aiko cewa yana tafe. Abokina ya buɗe WhatsApp domin ya ɗauko shirin darussan mako shida da makin jarrabawar yaran ajinsa, gama a can ya ke tura wa kansa kome, sai ya tarar wayam. Daren nan bai runtsa ba, ya kwana yana sake rubuta abin da ya iya tunawa. Makin yara kuwa sai da ya bi takardunsu ɗaya bayan ɗaya.

Ba wanda ya cuce shi, wayar kuma ba ta da lahani. Abin da bai sani ba shi ne, ya yi ƙaura ne daga wani gari zuwa wani, ya kuwa rushe tsohon gidan tun bai kwashe kayansa ba. Tun da ya ke da yawa daga cikinmu suna da niyyar sauya waya da zarar sun fara karɓar albashi, na ga ya kamata in bayyana abin da a kan rasa, da dalilin da ya sa a ke rasa shi.

Ko wace babbar waya tana da wata babbar manhaja a cikinta wadda ke tafiyar da sauran duka, kamar yadda hedimasta ke tafiyar da makaranta. Waɗanda suka mamaye duniya guda biyu ne. Ɗaya ita ce iOS ta kamfanin Apple na Amurka, wadda ke cikin iPhone kaɗai. iPhone ta fari ta fito a 2007. Ɗayar kuwa ita ce Android, wadda kamfanin Google ya saya a 2005, wayar farko mai ɗauke da ita ta fito a 2008. Google ya bar wa kamfanoni da yawa su yi amfani da ita, shi ya sa Samsung da Redmi, da Tecno da Infinix da itel, duka Android ne. Ukun nan na ƙarshe na kamfani ɗaya ne, watau Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin. Saboda haka wanda ya bar itel ya koma Samsung unguwa kawai ya sauya. Wanda ya bar Tecno ya koma iPhone, ko ya bar iPhone ya koma Tecno, shi ne ya sauya gari. A ƙasarmu mafi yawan mutane Android su ke riƙewa, don haka bari in fara da abin da mai barin Android ya kan rasa.

Na fari, tsofaffin saƙonni. WhatsApp a kan Android yana ajiye kwafin hirarrakinka a ma'ajiyar Google Drive, a kan iPhone kuwa a ma'ajiyar iCloud ya ke ajiyewa. Ma'ajiyoyin nan biyu ba sa buɗe wa juna ƙofa. In ka sa lambarka a sabuwar waya za ka tarar da zaurukan da ka ke ciki, na aji da na iyali, amma abin da aka faɗa a baya, da hotuna da takardu, ba za su biyo ka ba. Akwai hanyar kwashe su. Tun 2015 Apple ya fitar da wata manhaja mai suna Move to iOS, a 2022 kuma aka sa ta iya ɗauko hirarrakin WhatsApp. Amma da sharaɗi: sai tsohuwar waya tana hannunka da kayanta a ciki, sai iPhone ɗin sabuwa ce ko an share ta, sai kuma lambar ba ta sauya ba. Abokina ya share tsohuwar tun da fari, bai kuma taɓa kunna ajiyar Google ba don gudun cin data. Nan ne ya yi asara.

Na biyu, layi biyu. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, muka saba da cewa layin da ke kamawa a cikin Lafiya ba lalle ya kama a ƙauyukan Awe ko Keana ba. Shi ya sa wayoyi masu ɗaukar sim biyu suka karɓu a wurinmu. Yawancin iPhone ramin sim ɗaya gare su. Daga 2018 aka ƙara musu layi na biyu wanda ba shi da kati, ana ce da shi eSIM, sai ka je kamfanin layinka a sa maka shi. Waɗanda aka yi domin kasuwar Amurka kuwa, daga iPhone 14 ta 2022, ba su da ramin sim ko ɗaya. Irinsu suna shigowa cikin wayoyin hannu, mai saye kuma ya kan kai gida kafin ya gane ba inda zai sa katinsa.

Na uku, katin memori da rediyo. Ba a taɓa yin iPhone mai wurin sa memori ba. Girman da ka saya da shi za ka zauna. Wanda ya tara karatu da waƙoƙi da finafinai a memori, sai ya nemi wata dabara. Haka kuma iPhone ba ta kama rediyon FM. Mai itel ko Tecno ya kan cusa abin sauraro na kunne ya ji labarai daga Precious FM ko gidan rediyon jiha ba tare da ya kashe ko kwabo ba. A iPhone sai ta intanet, watau sai da data. Ramin abin sauraron ma an cire shi tun daga iPhone 7 a 2016, ko da ya ke manyan wayoyin Android da dama sun bi sahu daga baya.

Na huɗu, kuma a ganina shi ya fi ciwo, shi ne taimakon maƙwabta. Mu ɗalibai mun saba in mutum ɗaya ya sauko da littafi ko tsohuwar takardar jarrabawa, sai ya tura wa aji duka ta Bluetooth ko Xender. iPhone ba ta karɓar takarda ko waƙa ta Bluetooth daga Android. Tana da tata hanyar, AirDrop, wadda aka yi domin kayan Apple. A ƙarshen 2025 Google ya fara buɗe hanya tsakanin AirDrop da Quick Share na Android, ya fara da wayoyinsa na Pixel 10, amma kafin ka dogara da wannan ka gwada da wayoyin abokanka. Manhaja kuwa, mai Android ya kan karɓa daga wayar abokinsa; mai iPhone a ƙasarmu sai daga kantin App Store. Abin da ka saya da kuɗi a Play Store kuma ba ya binka, sai ka sake biya. Haka zancen caja. Daga 2012 har iPhone 14, Apple yana da nasa bakin caja mai suna Lightning. Sai a 2023, da iPhone 15, ya koma USB-C, bayan Tarayyar Turai ta yi dokar caja iri ɗaya. Malamin da aka tura ƙauye da tsohuwar iPhone, in ya manta cajarsa, zai iya zagaye gari bai sami ta aro ba.

Na biyar, sabon hannu. A Android akwai alamar komawa baya wadda ke aiki a ko'ina, yatsa ya saba da ita. A iPhone ko wace manhaja da inda ta sa tata, ko kuwa ka ja daga gefen hagu. Wannan mako biyu ya isa a saba. Amma mu masu koyar da Hausa akwai abin da ya fi wannan: haruffa masu lanƙwasa. Allon rubutu na Gboard a kan Android yana da Hausa, da ɓ da ɗ da ƙ. Duk wayar da za ka koma, ka gwada rubuta "ƙasa" da "kasa", "ɓata" da "bata", tun kana gaban mai kanti. Malamin da ya tura wa yara aikin gida babu lanƙwasa, kuskure ya koya musu da hannunsa.

To, kada mai karatu ya zaci iPhone ce kaɗai mai rashi. Wanda ya bar ta ya koma Android shi ma yana da nasa kukan. Zai rasa iMessage da FaceTime, waɗanda masu iPhone ke gaisawa da su, musamman da 'yan'uwa na ƙasashen waje. Hotunansa na iCloud da rubuce-rubucen da ya yi a manhajar Notes ba za su bayyana da kansu ba, sai ya bi ta shafin iCloud ya kwaso. In yana da agogon Apple Watch, ba zai yi aiki da Android ba. Har wa yau zai rasa tsawon kulawa. Apple ya kan daɗe yana aika wa wayoyinsa gyara. iPhone 6s ta 2015 ta sami sabon tsari har na 2021. Google da Samsung sun yi alkawarin shekara 7 ga manyan wayoyinsu, daga Pixel 8 ta 2023 da Galaxy S24 ta 2024, amma masu araha irin namu ba su kan sami haka ba. Wayar da aka daina aika wa gyara kuwa kamar ɗaki ne mai ɓallallen ƙyaure, ga shi kuma manhajar banki tana ciki. Ban da haka, waɗansu wayoyin Android masu araha su kan zo da tallace-tallace da manhajojin da ba ka nema ba. Sauƙin nan na karɓar manhaja daga aboki ma, ta nan ne miyagun manhajoji ke shigowa.

Akwai wani tarko da ya shafi ɓangarorin biyu, shi ne makullin mai waya na fari. Domin hana sata, Apple ya sa makullin iCloud a 2013, Google kuma ya sa irinsa a Android a 2015. In mai waya bai fitar da asusunsa ba kafin ya sayar, ko an share ta za ta nemi kalmar sirrinsa. Ko a kasuwar Lafiya ka saya, ko Farm Centre ta Kano, ko Computer Village ta Ikeja, dokar ɗaya ce: kada ka miƙa kuɗi sai an share wayar a gabanka, ka sa layinka ya kama, ka shigar da asusunka. Gwajin layin yana da muhimmanci, gama waɗansu wayoyin waje a ɗaure su ke da kamfanin layi na ƙasar da suka fito.

Ga shawarata ga mai niyyar ƙaura. Da fari, ka san adireshin imel ɗinka da kalmar sirrinsa. Da yawanmu mai kanti ne ya buɗe mana, ba mu rubuta ba. Ka gyara wannan yau. Na biyu, ka mai da lambobin mutane cikin asusun Google, domin yana aiki a wayoyin biyu; iPhone tana iya kwaso lambobi daga sim, amma ba ta ajiyewa a kansa. Na uku, hotuna da takardun makaranta ka sa su a Google Photos da Google Drive, su ma suna buɗewa a ko wane ɓangare. Ka lura Google yana ba da gigabait 15 kyauta, iCloud kuwa 5 kaɗai. Na huɗu, ka kwashe WhatsApp ta hanyar da aka tanada tun wayoyin biyu suna gabanka, da caji a jikinsu. Na biyar, manhajar banki za ta nemi ka tabbatar da sabuwar waya, don haka ka tabbata layin da ka yi rajista da shi yana hannunka. Na ƙarshe, kada ka share tsohuwar waya, kada ka kyautar, sai ka yi mako guda da sabuwar ka ga kome ya iso. Kada kuma ka yi ƙaurar a tsakiyar zango ko dab da jarrabawa, ka bari sai hutu.

Ban ce wannan ta fi waccan ba. Malamin birni mai wutar lantarki da 'yan'uwa a waje, wataƙila iPhone ta fi masa. Wanda za a tura inda layi ɗaya ba ya isa, caji kuma sai an je shago, waya mai sim biyu da babban batir da rediyo ita ce daidai da shi. Kowa ya duba inda zai zauna da mutanen da zai zauna da su kafin ya duba sunan da ke bayan waya.

Abokina dai ya ci gwajinsa, amma tun daga ranar ya sayi littafi mai bango mai ƙarfi, yana rubuta makin yara da biro kafin ya sa a waya. Ni ma na bi shi. Makin nan amanar iyaye ce a hannunmu, bai kamata ta dogara ga abin da za a iya sharewa da taɓa yatsa ba. Iyakar abin da na ga ya kamata in faɗa ke nan. Allah ya ba mu sa'a.